Fuskar da Baba Kambai Ya Ba da Aro

Idan ka gangara daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ka nufi bayan kasuwa, za ka ga wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa, an rubuta a samansa da shuɗin fenti: KAMBAI MAI ZANE. Fentin ya koɗe, amma haruffan a miƙe suke kamar an ja su da igiya. A ƙofar shagon akwai benci, a kan bencin kuma kusan kullum akwai wani siririn tsoho da hular saƙa yana fuskantar titi. Ba ciniki yake jira ba. Ciniki ya daina zuwa tun da injinan buga fosta suka shigo gari. Gidanmu yana bayan shagon, don haka na saba zama gefensa da la'asar, kuma a nan na ji labarin nan, kaɗan-kaɗan, domin shi ba mai saurin magana ba ne.

A barikin ma'aikatan reluwe aka haife shi. Mahaifinsa, Asher, ya sauko daga ƙauyensu na kan duwatsu tun yana saurayi ya shiga aikin lebura a layin dogo, kuma bai bar aikin ba sai da ƙarfinsa ya ƙare. Baba Kambai ya ce hoton farko da ya taɓa gani a duniya shi ne na sarauniyar Turawa, wanda ke rataye a ofishin mai tasha. Ranar biya mahaifinsa yakan tafi da shi. Leburori sukan zo suna hayaniya da yarensu, amma da zarar sun shiga ɗakin nan sai kowa ya cire hula ya rage murya, ko da mai tasha ba ya ciki. Yaron ya tambayi uban nasa ko matar tana ganinsu ne. Asher ya ce a'a, ba ta ma san akwai wani gari wai shi Kafanchan ba. To me ya sa ake cire mata hula? Asher ya ce haka aka tarar ana yi.

Da ya gama firamare sai ya koma yaron wani mutum da ke rubuta lambobi a jikin taragai. Daga nan ya koyi rubutun allon shago, da zanen zaki da dawisu a bayan manyan motoci, da Makiyayi Mai Kyau a bangon coci. Da siyasa ta dawo sai 'yan takara suka gano shi. Ya ce ya yi wa kowace jam'iyya aiki, kuma duk buƙatarsu ɗaya ce. A rage tumbi. A ɗaga haɓa. Idanu kuma kada su kalli mai kallo, su kalli can sama kaɗan, kamar mutumin ya hango wani abu mai kyau da sauran jama'a ba su kai ga gani ba. Akwai wani kansila da ya dawo masa da hoto yana faɗa wai ya yi kama da shi da yawa.

Amma akwai abu ɗaya da bai taɓa iyawa ba: zana fuska daga ka. Sai an ba shi hoto. Yakan ja layuka a kan hoton tsaye da kwance kamar gidajen dara, ya ja irinsu manya a kan allo, sannan ya riƙa kwashe abin da ke kowane gida yana mai da shi babba. Idan babu hoto, hannunsa ba ya tafiya. Matarsa Bernice ta sha yi masa tsiya a kan haka, wai shekara da shekaru suna kwana ɗaki ɗaya amma idan aka ce ya zana ta sai ya nemi fasfo.

A farkon shekarun dubu biyu gwamnati ta yi ta ƙirƙiro sababbin masarautu a kudancin jihar, kowace al'umma tana neman tata. Wata rana wasu dattawa suka zo shagonsa daga wani yanki da ke bayan duwatsu. Ya roƙe ni kada in faɗi sunan wurin, kuma ba zan faɗa ba. Shugabansu wani hedimasta ne mai suna Meshak, gajere, mai baki, wanda suka yi makarantar Lahadi tare da Kambai suna yara. An ba yankin nasu sarauta, amma gida biyu suna jayayya a kan wanda ya fi cancanta, kuma gidan da ya samu yana so a ga cewa abin ba jiya ya fara ba. Suna son babban hoton kakan sabon sarkin, a rataya shi a fada kafin ranar ba da sanda.

A nan cikin shagon suka yi gardamar yadda hoton zai kasance. Wasu suka ce a zana shi da kwari da baka yana korar Turawa daga kan dutse. Meshak ya ce wannan zai yi daɗi a waƙa, amma manyan da za su zo daga Kaduna ba abin da suke son gani ke nan ba. Su abin da suka sani shi ne takarda da sanda. A zana shi yana karɓar sandar girma daga hannun Bature, don a ga tun zamanin Turawa hukuma ta san da gidan. Wani tsoho a cikinsu ya ce shi dai a saninsa marigayin bai taɓa haɗuwa da Bature ba, haraji kawai yake tarawa ya kai wa wanda ke kai wa. 

Kambai ya ce su kawo hoton marigayin. Suka kalli juna. Mutumin ya rasu tun kafin mai ɗaukar hoto ya taɓa hawa dutsen. Kambai ya ce to shi ba zai iya ba.

"Kai, ɗan reluwe," in ji Meshak, "wa ya san fuskarsa? Waɗanda suka san shi duk suna ƙasa. Ka samo mana fuskar dattijo mai kwarjini kawai. Ba ruwanmu da ta wane ne."

A cikin akwatin Kambai akwai hoto ɗaya tilo na mahaifinsa, ɗan ƙarami, wanda aka ɗauka lokacin da zai bar aiki. Asher ya riga ya rasu a lokacin. Kambai ya ce ba wai ya rasa wata fuskar ba ne. Yana da tsofaffin kalandu cike da dattawa. Amma da ya tuna mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cire wa hoton wasu hula, sai ya ji yana so, ko sau ɗaya, a sa masa babbar riga a rataye shi a sama. Ya gaya wa Meshak gaskiya. Meshak ya yi dariya ya ce Baba Asher ya samu ƙarin girma, Allah ya sa albarka, amma maganar ta tsaya tsakaninsu.

Ya yi makonni yana aikin a kan babban allon katako. Fuskar Baturen daga jikin kwalin wani maganin tari ya kwafe ta, ya sa masa farar hula da gajeren wando. Dattawan kwamiti sukan leƙo ɗaya-ɗaya idan sun shigo kasuwa, kowa da abin da zai ce. Wani ya ce Baturen ya fi kakansu tsawo, a rage shi. Aka rage. Wani ya ce tsagen fuskar ba na gidan sarautar ba ne, aka shafe aka yi nasu. Matar sarki ta aiko a ce hancin ya ɗan yi kama da na mijinta, don jika ya kamata ya ɗebo wani abu. Fasto ya ce a ƙara gemu. Meshak da kansa ya ce idanun sun yi laushi, kamar na mai jiran a kira sunansa, a sa su kalli Baturen ido cikin ido. Kambai ya yi duka. A wurinsa ƙananan gyare-gyare ne, irin waɗanda ya saba yi wa kowa. Ranar da aka zo ɗauka, aka lulluɓe allon da zane aka sa a bayan a-kori-kura, shi kuma ya mai da ɗan hoton mahaifinsa cikin akwati a shago. Ba a gayyace shi bikin ba, bai kuma damu ba.

Shekarar da kasuwa ta ƙone, wutar ta haɗa da shagonsa. Fenti da kananzir ba sa jiran kowa. Akwatin ya tafi da duk abin da ke ciki. Ya sake gina shagon da taimakon 'yan cocinsu, amma bayan nan abubuwa suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya. Bernice ta rasu. 'Yarsu guda ɗaya, Edna, ta samu aikin jinya a Abuja ta tafi. Abokan da suke zama da shi a benci wasu suka mutu, wasu 'ya'yansu suka kwashe su. Masu neman hoto suka koma wurin yaran da ke da kwamfuta, inda ake rage tumbi cikin minti kaɗan. Ya rage daga shi sai Rahmatu mai waina da ke tuya a gefen shagon, wadda ke ajiye masa guda uku kowace safiya tana cewa na jiya ne suka rage, alhali da zafinsu.

Ya ce bai lura da lokacin da fuskar mahaifinsa ta fara ɓace masa ba. Wata rana dai ya rufe ido ya neme ta, sai ya samu murya, ya samu warin man jirgi a rigarsa, ya samu takalmansa na roba, amma wurin fuskar babu komai. Hankalinsa bai tashi sosai ba, domin ya san inda take. Tana fada, a saman kujerar sarki. Duk ranar da ya so zai je.

Sai idanunsa suka fara rufewa daga gefe. A asibiti aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, magani sai dai ya rage saurin sauran. Yanzu gani yake kamar ta cikin bututu, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake. Daga ranar nan maganar hoton ta zama ita ce maganarsa. Ba ya son komai daga gare su, in ji shi, ba ya son a canza suna ko a san ko wane ne. So yake ya tsaya gaban allon ya kalli ubansa tun da sauran haske.

Edna ta aiko masa da kalandar masarautar, wadda ake buga hoton a kai kowace shekara. Fuskar ba ta fi kan babban yatsa ba, kuma ta yi baƙi wurin bugawa. Ya juya ta a rana, ya kawo ta kusa, ya kai ta nesa, bai ga komai ba sai rawani da gemu.

Da ranar bikin shekara ta masarautar ta zo, ranar da ake buɗe zauren fada ga kowa, ya hau mota ya tafi shi kaɗai. A can ya tarar da abin da bai sani ba. A cikin shekarun nan wata al'ada ta tsiro a kan hoton. Ana cire takalmi tun daga ƙofa, a shiga layi, a wuce ta gabansa a sunkuye, kuma ba a ɗaga kai. Mutanen wurin suna cewa wanda ya haɗa ido da Kaka ba ya ƙara ganin daidai. An hana ɗaukarsa a waya. Baba Kambai ya bi layi har ya zo daidai wurin, ya tsaya, ya ɗaga kai. Zauren da duhu, allon yana can sama kusa da rufi. Kafin idonsa ya nemo inda fuskar take, wani dogari ya ɗora masa hannu a ƙeya a hankali ya ce, "Baba, sunkuya. Ba a kallonsa." Na baya suna turowa. Ya sunkuya ya wuce, ya nemo takalmansa a cikin tulin da ke ƙofa, ya dawo gida.

Ya yi kwanaki ba ya magana a kai. Rahmatu ce ta gaji da ganinsa haka ta ce masa shi da ke da aboki a fada me zai sa ya bi layi kamar baƙo. Ya ce rabonsa da Meshak tun ranar da aka ɗauki allon, kuma mutum idan ya shiga fada ba ya son ganin wanda ya san farkon abu. Ta ce to ya je a kore shi mana, ai ya fi wannan zaman.

Ya tafi ranar wata Talata, ba biki ba taro. Meshak yanzu shi ne sakataren fada, ya tsufa, yana tafiya da sanda. Ya daɗe yana kallon baƙon nasa kafin ya ce, "Ɗan reluwe. Ashe ba ka mutu ba."

"Ina jiranka ka fara, kai ne babba."

Suka zauna a ofis. Kambai ya faɗi abin da ya kawo shi, da maganar gobara, da maganar ido. Meshak ya tashi ya tura ƙofa ya rufe. Ya ce abin ba kamar da ba ne. Yaran makaranta suna haddace labarin ranar da Kaka ya karɓi sanda. Shi kansa sarkin yanzu, ɗan wanda aka naɗa wancan lokacin, ya taso ne yana ganin hoton, kuma da zuciya ɗaya yake durƙusa masa. Daga cikin 'yan kwamitin nan saura shi kaɗai a raye. Wani lokaci, in ji shi, idan ya shiga zauren shi ma sai ya ji ya sunkuya.

Kambai ya ce bai zo tayar da komai ba.

Meshak ya buɗe ƙofa ya kira dogarai biyu ya ce musu ga mai gyara an kawo daga Kafanchan, zai duba ko gara ta taɓa katakon, a sauke a kai bayan gida inda akwai haske. Dogaran ba su so ba. Sai da suka cire takalma, suka ɗauko allon suna kau da kai gefe, suka jingina shi a jikin bango kusa da inda aka shanya citta, suka koma nesa suka juya baya. Meshak ya jawo kujera ya zauna can ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya bar shi.

Rana tana tsaka. Kaji suna tono a gefe. Baba Kambai ya matso har hancinsa ya kusa taɓa fentin, domin da haka kawai yake iya gani, kuma ba ya iya ganin fuskar gaba ɗaya sai yanki-yanki. Ya fara daga goshi, rawani ya rufe shi. Ya sauko kan idanu, sai ya ga idanun wani mutum mai zafi da bai taɓa sani ba. Hancin na gidan sarauta ne. Tsagen nasu ne. Baki da haɓa suna cikin gemu. Ya koma sama ya sake bi a hankali, gida-gida, yadda ya zana shi. Ya gane kowane shafin burushi, ya tuna wanda ya sa a yi shi da ranar da aka yi. Aikinsa ne, babu wanda ya taɓa. Asher ne dai ba ya ciki.

Ya ja da baya zai nemi wurin zama. Da ya yi nisa kaɗan sai fuskar ta narke masa, ya rage siffar mutum kawai a cikin farar riga. A nan ya ga mutumin bai tsaya daidai ba. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, wuyan ya ɗan karkata yana rama mata. Haka Asher yake tsayuwa, saboda shekarun da ya yi yana ɗaukar katakon layin dogo a ɓangare ɗaya. Haka yake a ɗan hoton, Kambai kuma ya kwafe ba tare da ya lura ba, kuma duk cikin masu gyara babu wanda ya kalli ƙasa da gemu. Ga mai sarauta da babbar riga yana miƙa hannu ga sanda, amma tsayuwar ta wanda aka sauke wa kaya yanzun nan ce.

Ya tsaya a wurin har inuwar bango ta fara hawa kan allon. Meshak ya taso ya zo gefensa ya tambaye shi a hankali ko gara ta taɓa. Ya ce ba ta taɓa ba, katakon zai daɗe. Meshak ya ce ko yana so a gyara wani abu tun da an sauke. Ya ce a'a, a mayar yadda yake, kada a bar kowa ya sa masa hannu. Dogarai suka zo suka ɗauka. Meshak ya raka shi har bakin hanya, ya tare masa ɗan acaɓa, ya ce wa yaron ya tafi a hankali, tsohon nan na fada ne.

Washegari da la'asar na same shi a benci, ya ba ni ƙarshen labarin kamar yadda na rubuta. Muna zaune wayarsa ta yi ƙara, ya miƙo mini in danna masa domin ba ya ganin madannan. Edna ce, tana kan hanyar zuwa aiki, ana jin ƙarar motoci a bayanta. Ta tambaye shi ko ya sa maganin ido, ya ce ya sa. Ta tambaye shi ko an bar shi ya shiga, ya ce an bar shi.

"To ka gan shi, Baba? Ka ga Kaka?"



"Na ga kafaɗarsa," in ji shi.

Ta ce ba ta ji ba, motarsu ta zo, za ta kira ranar Lahadi. Ya riƙe wayar a kunne na ɗan lokaci bayan ta kashe, sannan ya sa ta a aljihu ya ci gaba da fuskantar titi.